Jan Fenti a Bangon Gidana da Amalanken Bube

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garinmu,
da ƴan majalisar da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina yi maka ban gajiyar hidimar jama'a. Sunana Mariyama, amma a garin nan da Tanti Mariyama aka fi sanina, ungozomar da ta yi aiki a gidan haihuwa na Tabla, ta yi a Abala, ta dawo gida ta ƙarasa har ta aje aiki. Ban taɓa rubuta wa mai mulki takarda ba. Yau da na zauna zan rubuta, sai na tarar yabon da ke bakina ya fi kukan yawa, don haka da shi zan fara. Ka daure ka karanta har ƙarshe, domin ba za a gane kukan ba sai an san abin da ya gabace shi.

Na farko, abin da ka yi lokacin da aka hana babura.

Ka tuna lokacin da hukumomin tsaro suka hana hawan babur a yankinmu. Ba na ja da dalilinsu, kowa ya san abin da ake gudu. Amma ni da nake gidan haihuwa na ga abin da ya biyo baya. A ƙasar Kurfai babur ne ke kawo mai naƙuda daga tunga, shi ke kai maras lafiya likita, shi ke maido da tsoho daga kasuwa. Da ya tsaya sai gadajenmu suka yi wayam. Mata ba su daina haihuwa ba, a gida suke yi, wasu kuma ba mu jin labarinsu sai an ce a je gaisuwar rasuwa.

An ba ka shawara a lokacin, kuma duk gari ya ji, cewa ka zaɓi wasu ƴan motoci ka ba su izinin ɗaukar mutane su kaɗai, ka kuma yanke musu kuɗin da za su karɓa. Ka ƙi. Ina kasuwa ranar da mai shela ya zaga da maganarka: duk mai amalanke, duk mai tsohuwar motar da birkinta ke kamawa, ya ɗauki wanda ya yarda da shi daga inda suka haɗu, su daidaita kuɗi a tsakaninsu, shi dai ya biya harajin kasuwa kamar kowa.

Da farko mun zarge ka, Mai Girma, ni ma har da ni. Masu amalanke kaɗan ne, suka tsawwala, mutane suka yi ta cewa magajin gari ya sake su suna yankan talaka. Kai kuwa ka bar abin yadda yake. Ba a jima ba sai duk mai jaki ya lura akwai abinci a wannan sana'a. Masu walda na bakin kasuwa suka rasa lokacin cin tuwo saboda ƙera amalanke. Wanda ya tsawwala sai a wuce shi a hau ta bayansa, shi ma gobe ya sauko. Wani ya shimfiɗa tabarma a tasa, wani ya kafa mata rumfa don rana. Babu wanda ya umarce su, gudun kada maƙwabci ya ƙwace musu mutane ne ya sa su.

A cikin wannan hali na san Bube. Bafillace ne da aka kore wa shanu a dajin arewa, ya shigo gari da matarsa Jumma da tsohuwarsa da jaki guda. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ya shigo harabar gidan haihuwa yana gudu a gefen jakin, da wata mata kwance a amalanke tana zubar jini. Ba ƴar'uwarsa ba ce, bai ma san sunanta ba. A hanya ya tarar da ita zaune ƙarƙashin adua da uwar mijinta, tafiya ta gagare ta. Ya sauke harawar da zai kai kasuwa ya bar ta a bakin hanya, ya ɗauko su. Allah ya taimake mu, uwa ta rayu, jaririya ta rayu. Na sha tunanin wannan rana. Da dokarka ta ce sai mai izini zai ɗauki mutum, baƙon da bai san kowa a gari ba zai yi shakkar tsayawa. Ka buɗe hanya, shi ya sa ya tsaya ba tare da tsoro ba. Allah ya saka maka.

Na biyu, maganar ɗakuna.

Da mutanen ƙauyukan arewa suka yi ta kwararowa, wasu suka kwana a rumfunan kasuwa, wasu a barandar lakwal, wato makarantar boko. A nan ma ka yi abin da ya burge ni. Ka ce duk mai sarari a gidansa ya gina ɗaki ya ba da haya, ba sai ya yi ta zarya neman takarda ba. Sharaɗinka kaɗan ne kuma kowa ya gane shi: kada a ci hanya, kada a tare magudanar ruwa, kada a haƙa masai kusa da rijiya.

Ni da kuɗin sallamata na sayi fili a sabon yankan nan na yamma da ake ce wa lotisma. Filin ya fi ƙarfin tsohuwa guda wadda ƴaƴanta ke Yamai da Filinge. Na yi ɗakina, na riƙa ƙara na laka ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da ya samu. Bube da iyalinsa suka kama biyu. Na ukun Salamatu ta shiga, wata mata daga wajen Abala, mijinta yana cin rani a bakin teku, ita ke riƙe da yara. Abin da ta fito da shi daga garinsu keken ɗinki ne, a ka ta ɗauko shi. Ta roƙe ni in fasa mata ƙofa ta wajen titi, na kira magini ya fasa. Matan unguwa suka huta da zuwa kasuwa don ɗinkin zane guda. Da aka ga ƙafa ta yawaita a layin, wani maƙwabci ya kafa injin niƙa, wata ta fito da teburin kayan miya, wani ya fara cajin waya. Layin da a da mace ke tsoron bi ita kaɗai ya zama wurin da kowane lokaci akwai idon mutane.

Kuɗin haya ma abin da ya faru da amalanke ne ya faru da shi. Akwai wani Alhaji a bayan gidana da ya ɗaga nasa sama lokacin da baƙi suka fara zuwa. Da ɗakuna suka yawaita a unguwa sai mutanensa suka watse, ya zauna da ɗakuna babu kowa. Da kansa ya rage, ya yi musu yaɓe, har ya ja pampo. Ni ma abin bai bar ni ba. Wata safiya Salamatu ta gaishe ni, ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Tanti, gidan Alhaji an sa pampo, kuma kuɗin ɗaya ne da naki." Na gane saƙon. Kafin wata ya ƙare na ja nawa ruwan. Ka ga, Mai Girma, matar da ta zo garin nan babu komai sai keken ɗinki ta sa mai gida ta gyara gida, ba tare da ta kai ƙara ko'ina ba, saboda kawai tana da wani wurin da za ta iya komawa. Ban yi karatun tattalin arziki ba, amma wannan na gan shi a tsakar gidana.

Na uku, kukana.

A bana aka kafa kwamitin tsara gari, ya fito da taswira da sababbin dokoki. Na je an karanta mini su, don kada in faɗi abin da ba haka ba. A lotisma kowane fili na gida ɗaya ne, ba a raba shi. Ba a buɗe ƙofar sana'a a unguwar kwana, kowa ya koma kasuwa. Duk ginin da ke kallon titi sai na siminti. Amalanke sai mai lamba, kuma an rufe ba da sababbi. Motoci ba sa ɗaukar kowa sai a sabuwar tasha ta bayan gari.

Ma'aikata suka zo gidana da gwangwanin jan fenti. Ba su ci mutuncina ba, sun gaishe ni da ladabi, har sun sha ruwa. Sannan suka zana gicciye a bangon ɗakunan hayan nan uku da ƙofar Salamatu, suka ce in rushe kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba a zo a rushe mini. Na tambayi babbansu wane ne ya kawo ƙara, wa ɗakunan nan suka cuta, hanya suka ci ko ruwa suka tare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tanti, ba mu ce sun ɓata wa kowa ba. Taswira ce ta ce nan wurin kwana ne." Na ce to ai kwana ake yi a cikinsu. Ya ce na gida ɗaya aka rubuta.

Salamatu ta zaga kasuwa neman rumfa. Babu wadda ba kowa, sai a hannun masu sake ba da haya, kuɗin kuma ya fi abin da keken ke kawowa. Ko ta samu ma, wa zai duba mata yara da tukunya tana can? Yanzu ƙofarta a rufe take. Tana ɗinki a cikin duhu da rana tsaka, masu kawo aiki suna zagayowa ta tsakar gida kamar masu sayen abin haram. Idanunta sun fara ruwa, ni na san abin da hakan ke nufi.

Na Bube ya fi ciwo. Da aka fara ba da lamba, waɗanda ke zaune kusa da tasha ne suka fara ji. Shi yana daji yankan harawa. Kafin ya je an rufe. Ya ce zai biya duk abin da doka ta yanke, aka ce ba maganar kuɗi ba ce, adadi ya cika. Ranka ya daɗe, ka sa a bincika maka: a yau akwai masu lamba a garin nan da ba su da ko jaki. A aljihu suke riƙe da ita suna ba da hayarta ga masu aikin. Takardar da aka yi don tsari ta zama hajar sayarwa, wanda ke cin ribarta kuma ba shi ke shan rana ba.

Bube ya ci gaba da fita, don tsohuwarsa ba za ta ci taswira ba. Ranar wata kasuwa aka tare shi ya ɗauko wani dattijo da buhun gero. Aka sauke dattijon a tsakiyar hanya, aka tafi da amalanke da jaki. Na je na tsaya masa, aka ci shi tara, aka sake su da gargaɗin cewa in aka sake kama shi ba zai ƙara ganinsu ba. Da muka dawo gida ya ɗaure jakin, ya zauna a ƙasa kusa da turke. Ya dube ni ya ce, "Tanti, da aka kore shanuna na ce ƙaddara ta. Wanga kuwa mi za ni ce mishi? Ban ɗauki na kowa ba."

Na ce ya zauna ko babu kuɗin haya har Allah ya kawo mafita. Ya ƙi. Ya ce shi bai saba zaman kyauta ba, ga shi kuma saboda su aka shafa wa gidana fenti. Ya kwashe iyalinsa ya koma bakin koramar kudu, inda taswira ba ta kai ba, ya kafa bukka da kara da leda. Na je na gan su. Jumma na da ciki, kuma ya tsufa, na duba ta da hannuna. Tsohuwar ba ta iya miƙewa sai an ɗaga ta. Ni haifaffiyar garin nan ce, na san inda ruwan koramar nan ke kaiwa in ya zo da ƙarfi, kuma bukkar tana cikin wurin. An fitar da mutane daga ɗaki mai rufi da masai da pampo, don an ce ba a yi shi bisa tsari ba, sun koma hanyar ruwa.

Sauran jama'a ma suna ji a jikinsu. Kuɗin amalanke ya koma sama tun da masu ita suka ragu. Mai zuwa Filinge sai ya ɗauki kayansa a ka har bayan gari, ya zauna jiran layi, ko da ga mota babu kowa tana wucewa ta ƙofar gidansa. Ƴan'uwana da na bari a gidan haihuwa sun gaya mini mata sun fara zuwa a makare kamar da.

Na huɗu, abin da ba na ja da shi.

Kada a ce tsohuwa ba ta son doka. Aikina duk doka ne, na san abin da rashinta ke jawowa. Wanda ya gina a kan hanya a rushe masa, ko ni ce. Wanda ya toshe magudana ya jawo wa maƙwabta ambaliya a hukunta shi. Mota maras birki a tsayar da ita. Injin niƙa in ya hana mutane barci a yanke masa lokaci. Haraji kuma a zo a karɓa, na ɗaki da na shago da na amalanke, domin da shi za a share kwata a gyara hanya. Duk waɗannan suna hana wani ya cuci wani. Amma dokar da za ta ce mutum nawa za su kwana a filin da na saya da gumina, ko ta ce Salamatu ta ɗinka riga a can kada ta ɗinka a nan, ban ga wanda take karewa ba.

Ka zaga lotisma ka gani. Akwai filaye manya da aka kewaye da katangar siminti, masu su suna Yamai, ba abin da ke ciki sai tumfafiya da ledoji. Waɗannan ba su karya doka ko ɗaya ba. Nawa da yara ke wasa a ciki shi ne mai laifi. In fili ba ya rabuwa, sai mai kuɗi da yawa ne zai iya saye. In gini sai na siminti, talaka ba zai fara ba balle ya gama, domin mu da laka muke farawa, in Allah ya hore a yi yaɓe, in ya ƙara horewa a sa kwano. Haka iyayenmu suka gina tsohon gari, shago a zaure, iyali a ciki, baƙo a ɗakin waje. Masu taswira na son gari mai kyan gani, ni ma ina so. Amma duk ɗakin da aka hana ginawa, wani ne zai kwana a waje, kuma kuɗin hayar sauran zai tashi.

Ban yarda wannan ra'ayinka ba ne. Mutumin da ya jure zargin gari guda bai yanke kuɗin amalanke ba, har gaskiyarsa ta fito, ya fi ni sanin duk abin da na faɗa. Ina zaton aiki ya yi maka yawa, an kawo takarda mai kyan zane, ba a gaya maka su wa ke kwana a ƙarƙashin layukanta ba.

Ƙanena ya ce mini in bar rubutu, in same ka a gida kawai. Ya ce, "Yaya, ke kika karɓi haihuwar ɗiyansa, ba zai ƙi ki ba." Na san ba za ka ƙi ni ba. Amma a layinmu kaɗai ba gidana ne kawai aka shafa wa fenti ba, kuma sauran ba su da wata alfarma da za su tuna maka. In aka goge nawa aka bar nasu, ban san da wane ido zan gaishe su da safe ba. Shi ya sa na rubuta a fili, inda kowa zai gani.

Ga roƙona. A dakatar da rushe ɗakunan da ba su ci hanya ba, ba su tare ruwa ba, har majalisa ta sake zama a kan batun, kuma a kira masu haya su ma su yi magana, ba masu gida kaɗai ba. A bar mai fili ya raba filinsa, ya sayar da rabi ko ya gina ɗakin haya da abin da ya iya. A bar ƙananan sana'o'in da ba sa cutar maƙwabta su buɗe ƙofarsu a unguwa, a rubuta su a karɓi haraji. A buɗe lambar amalanke ga duk wanda ya zo da jaki lafiyayye da kuɗin da doka ta yanke, ba tare da an ce adadi ya cika ba. Tasha kuma ta zauna ga mai son ta, amma kada a kama direba don ya tsaya wa tsohuwa a ƙofar gidanta.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, manoma sun fara gyaran gona. In lokacinka bai isa ka zo lotisma ba, ka bar gidana, zan jira. Ka fara zuwa bakin koramar kudu ka tambayi bukkar Bube. Kai kaɗai ne in ka ce masa ya koma ɗakinsa ya ɗaura wa jakinsa amalanke, zai yarda cewa ba alfarma ake yi masa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya kare ka daga sharrin masu faɗa maka abin da kake son ji kawai. Allah ya zaunar da ƙasar Kurfai lafiya, ya mai da kowa garinsa cikin aminci, ya ba mu damina mai albarka, ya sauki Jumma lafiya a ƙarƙashin rufi.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Tanti Mariyama,
tsohuwar ungozoma, lotisma ta yamma.